Sukurun Shaida

Makon jiya wasu samari uku suka zo rumfata da bindigar roba a leda, irin ta wasan yara, jikinta kore, bakinta ruwan lemo. Masu ɗaukar barkwanci ne da waya suna ɗorawa mutane su kalla. Babbansu ya ajiye ta a kan benci ya ce, "Baba Habu, baƙi kawai za ka fesa mata. Minti biyar, muna jira." Na ce su dawo bayan kwana huɗu. Suka kalli juna suka yi dariya, ɗaya ya ce ai shi ya ga wani Bature a waya ya gama irin wannan kafin shayi ya huce. Na ce to ku kai wa Baturen. Sun tafi suna ƙunƙuni, amma ledar sun bar ta. Saboda su nake wannan rubutu, da ire-irensu. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, inda kuka ga magana ta karkace ku miƙe ta da kanku.

Sunana Habu, a Wudil ana ce mini Habu Fenta. Ɗan Kausani ne ni, mahaifina manomi, kakana manomi. Sana'ata ita ce in ɗauki bindigar wasan yara in mai da ita ta yi kama da ta gaske, domin 'yan fim da masu wasan kwaikwayo. Ba na ƙera abin da yake harbi. Ban iya ba, ban kuma taɓa neman in iya ba. Sama da shekara ashirin ke nan ina wannan aiki, ƙirjina ya sha tururin fenti har tari ya zame mini abokin zama, idona na dama ba ya ganin ƙaramin sukuru sai da gilashi.

Ba wannan aka kai ni Kano in koya ba. Fentin mota aka kai ni koyo wurin Malam Sabo, wani ɗan guntun tsoho mai faɗa, wanda bai taɓa ce wa aikin kowa ya yi kyau ba, iyakarsa ya ce "ba laifi". Shekara biyu na yi a garejinsa ban taɓa injin feshi ba. Sanfefa, takardar nan mai kaushi, kawai nake gogawa, daga safe har la'asar, hannuna cikin ruwa, har zanen yatsuna ya goge. In na ce na gama ƙofa ɗaya, ba ya ko dubawa. Rufe ido yake ya shafa tafin hannunsa a kai, ya ce, "Habu, nan akwai tudu." In na duba sai in ga tudun. Shi ya koya mini cewa fenti ba ya ɓoye komai, tona asiri yake. Duk abin da ka yi wa ha'inci a ƙasa, in baƙi ya hau kansa sai ya fito ya gaishe ka.

Aikin farko na bindiga da na gani, wasu 'yan fim ne suka kawo, lokacin da fim na kaset ya fara tashe. Da can katako suke sassaƙawa su shafa masa baƙi, in an nuna a gidan kallo mutane su yi ta ihu suna cewa ga taɓarya. Suka sayo bindigogin yara guda uku a kasuwa suka ce Malam Sabo ya fesa musu baƙi. Irin maganar samarin makon jiya dai, ba bambanci. Malam ya juya ɗaya a hannu ya daɗe, sannan ya ce su ba shi mako. Ni ya sa na kwance su, na jera sukurorin a murfin gwangwani, na cire sifirin, murɗaɗɗiyar wayar nan ta ciki, da abin ƙara da duk abin da yake cillo harsashin soso, na toshe bakin daga ciki da guntun katako da gam. Daga nan aka wanke da sabulu, don robar kamfani tana da maiƙo, fenti ba ya kama ta. Sai sanfefa. Rubutun kamfani, layin da aka haɗa ɓari biyu, duk sai an goge. Sai fentin ƙasa mai ruwan toka, a bari ya kwana. Sai baƙi marar ƙyalli, shafa biyu sirara, ba ɗaya mai kauri ba. In ka yi gaggawa ka jibga, zai yi hawaye, ya daskare da hawayensa.

Wannan duk kowa zai iya koya a wata shida. Abin da yake ɗaukar shekaru shi ne tsufa. Sabuwar bindiga baƙa ƙirin ba ta kama da komai sai roba. Ta gaske hannu ya ci ta, gumi ya ci ta, an jingine ta a bango, an ja ta a ƙasa. Sai ka zauna ka tambayi kanka ina tafin hannu yake zama, ina kafaɗa take gogawa, wace kusurwa ce take karo da ƙofar mota. Nan za ka kankare bakin fensir ya zama gari, ka ɗiba da yatsa ka murza a gefe-gefe har ya ba da hasken ƙarfe. Wurin da ya kamata ya zama katako, ruwan ƙasa za ka shafa, ka ja tsohon burushin haƙori a kai tun bai bushe ba, ya yi jijiyar itace, ka bi da man takalmi. Na ga masu zuba azurfa ko'ina kamar kwalliyar sirdi. Wannan ba tsufa ba ne, hauka ne.

Sai nauyi. Malam Sabo yana cewa mai kallo ba daga launi yake gane bindigar ƙarya ba, daga kafaɗar mai riƙe da ita yake ganewa. In babu nauyi, ɗan wasa zai riƙa wulwula ta kamar mafici. Wasu guntayen ƙarfe suke cusawa. Malam ya hana, ya ce duk abin da ya yi ƙarar ƙarfe in an ƙwanƙwasa, ya fita daga wasa. Yashi muke zubawa. Da ya ji ni ɗan ƙasar Wudil ne, duk zuwana gida sai ya ce in taho masa da rabin buhu daga bakin kogi, wai namu ya fi laushi. Ana wanke shi, a baza a kan kwanon rufi kwana uku, a tankaɗe da rariya. In ka zuba shi da danshi, wata ɗaya fentin zai kumbura daga ciki. Ana ɗura shi a danna da auduga, don kada ya riƙa kacau-kacau in ana gudu.

Yanzu ku buɗe kunne, don abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Bayan an mai da bindiga an haɗa, ramukan sukurori duk ana cike su da fila, irin wadda masu gyaran jikin mota suke shafawa, a goge ya yi sumul. Duk, ban da guda ɗaya. A ƙarƙashin mariƙi muna yanka 'yar ƙofa, ta nan ake ɗura yashin, sukuru ɗaya ne yake riƙe da ita. Wannan ba a rufe shi, ba a yi masa fenti, fari yake zama kowa ya gani. Cikin ƙofar ma ba a taɓa shi, launin da kamfani ya yi wa robar, kore ko ruwan lemo, haka ake barinsa. Malam Sabo yana kiransa sukurun shaida. Na taɓa ce masa, "Malam, wannan yana ɓata aikin." Ya ajiye abin da yake hannunsa ya ce, "Kai Habu, mu maƙaryata ne da izini. Mun yi ƙarya a fuska, dole mu bar wa gaskiya ƙofa a ƙasa. Ranar da wani ya ɗauki abin nan da gaske, wa zai tsaya wa mai riƙe da shi? Kai kana gareji kana shan kunu. Sukurun nan ne zai yi masa shaida."

Kuma ba ya miƙa wa kowa bindiga sai ya biya masa karatu kamar ɗan makarantar allo. "In an tare ka me za ka ce?" Mutum ya amsa, "Ƙarƙashin mariƙi akwai sukuru, a kwance, yashi ne a ciki." Manyan 'yan wasa waɗanda ake rububin gani a titi, na ga sun tsaya a gaban tsohon nan suna maimaitawa sau uku suna dariya. Shi ba ya dariya.

Shekarar da ta ɓaci mana ita ce wadda tsaro ya lalace a Kano, aka cika hanyoyi da shingaye. Wa zai yarda a gan shi da abu mai kama da bindiga, ko da na alewa ne? 'Yan fim suka koma labarin soyayya da rawa. Wata tara ba wanda ya kawo mana ko ɗaya. Guda goma sha ɗaya da muke da su a rataye, Malam ya sa na kwance su duka, na zubar da yashin a bayan gareji, muka farfasa robar da guduma muka ƙona. A cikin shekarar ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa. 'Ya'yansa suka sayar da filin garejin. Na tattaro injin feshi da akwatin kayan aikinsa, waɗanda ya ce a ba ni, na dawo Wudil. Na yi fentin ƙofofin gida, na yi na gadon ƙarfe, na yi rubutu a bayan motocin ɗaukar yashi, damina kuma ina Kausani da fartanya.

Da abubuwa suka lafa, aiki ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. 'Yan fim daga Kano, ga kuma sababbin masu zuwa, ɗaliban jami'ar garin nan, masu wasan kwaikwayo na makaranta da na coci. Su ba sa saye, aro suke karɓa na kwana biyu su dawo da ita. A cikinsu akwai Istifanus, ɗan Adamawa, dogo siriri, mai yawan gaisuwa. In ya zo sai ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi tarina, ya tambayi gona, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Sau uku ya karɓi aro a wurina, sau uku ya biya karatun. Na ukun tun daga bakin rumfa ya fara rerawa yana tafi, "Ƙarƙashin mariƙi akwai sukuru, Baba na haddace, a ba ni allo na gaba." Na ce, "Ɗan banza, ka mai da maganar malamina waƙa." Ya ce, "Ai abin da aka yi wa waƙa ba a mantawa."

Akwai wata doguwar bindiga da wani darakta daga Kano ya sa ni yi. Yaro ne matashi, da sabuwar kyamara da baƙin gilashi. Na gama na miƙa masa, ya juya ta, ya ga farin sukurun ya yatsine fuska. "Baba Habu, wannan fa? Kyamarar yanzu har gashin hanci tana gani. Za mu ɗauke ta daga ƙasa, jarumi yana tsaye a kan mutum. Wannan ƙauyanci ne." Na yi masa bayanin shaida. Ya ce, "Mu da muke da takardar izini, da 'yan sanda a wurin ɗauka? A Legas ba sa barin irin wannan. In ba ka iya rufewa ba ne ka faɗa, in kai wa wanda ya iya." Kalmar nan "ba ka iya ba" ita ta kama ni. Girman kai rawanin tsiya. Na ce ya dawo jibi. Na cike ramin da fila, na bi gefen ƙofar na shafe, na goge, na sake fenti, na murza garin fensir. Wallahi ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Na rufe ido na shafa tafin hannu yadda Malam yake yi, ban ji tudu ba, ban ji kwari ba. Ni da na yanka ƙofar ban iya nuna inda take ba.

Darakta bai dawo ba. Fim ɗin ya watse, ban san dalili ba. Na naɗe ta a tsumma na rataye a bango, a layi ɗaya da sauran. Wata bakwai tana nan. Na ce zan buɗe sukurun in na samu sarari. Kullum akwai ƙofar wani da take jira.

Wata Juma'a da hantsi, ranar kasuwa, ina durƙushe ina fesa wata babbar ƙofar ƙarfe, fenti a haɗe, in na tsaya zai daskare a injin. Istifanus ya yi sallama. Suna da wasa washegari, labarin wani ɗan fashi da ya tuba, shi ne ɗan fashin. Yana son doguwa. Ban ko miƙe ba. Na ce, "Ɗauki ta ƙarshen layi, mai jan tsumma." Ya sauke ta, ya buɗe tsumman kaɗan, ya ce, "Kai, Baba, wannan ta fi kowacce." Na ji daɗin maganar. Ya ce, "Karatu fa?" Na ce, "Ai ka sauke. Je ka." Ya zura ta a buhun shinkafa, ya ɗaure bakin, ya tare ɗan acaɓa.

Abin da ya biyo baya ban gani ba, Sale Mahauci ne ya ba ni labari, wanda rumfarsa take bakin hanyar kara, inda ake cinikin shanu. Wani bijimi ne ya ƙwace wa masu jansa ya faɗo titi. Ɗan acaɓa ya kauce, suka zube. Buhun ya ja a kwalta ya yage, bakin bindiga ya leƙo. Ku tuna wuri ne da kowane dillali aljihunsa yake cike, kuma a watannin nan ba maganar da ake yi sai ta masu tare hanya da masu satar mutane. Wani ya ƙwala ihu. Ɗan acaɓa ya ɗaga babur ɗinsa ya ɓace. Kafin yaron ya miƙe an kewaye shi. Baƙo ne, ba wanda ya san shi, Hausarsa ba irin ta nan ba ce.

Sale ya kutsa ya janye shi zuwa bakin rumfarsa, ya karɓe bindigar ya riƙe. Yaron bai ruɗe ba. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Jama'a ku yi haƙuri, ta wasa ce, Habu Fenta ne ya yi ta. Ƙarƙashin mariƙi akwai sukuru, a kwance, yashi ne a ciki." Mutane suka ɗan lafa. Wani dattijo ya ce a duba, ai magana ce mai sauƙi. Sale ya juya ta. Ya gaya mini daga baya, "Habu, sau uku na duba. Na sa farce na kankara. So nake in gani, wallahi so nake in gani." Aka ce masa, "Akwai ko babu?" Sale mutum ne da bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Ban gani ba." Bai rufe baki ba sandar farko ta sauka.

Da hannu ɗaya yana tare mutane, da ɗayan ya kira ni a waya. Abin da na ji kawai, "Ka zo kara yanzu, za a kashe yaronka." Na saki injin a kunne, na fizgi sukundireba, na haye bayan maƙwabcina a babur ɗinsa. Muna tsakiyar hanya ina riƙe da sukundireban nan a hannu sai na tuna jan tsumma. Na tuna darakta. Na san ba abin da wannan ƙarfen zai kwance.

Da na isa, Sale ya tura yaron ƙarƙashin teburin nama, shi da wasu mahauta biyu sun tsaya a gaba. Ana jifa ta saman kafaɗunsu. Na shiga ina ihu, "Ni ne Habu Fenta! Ni na yi ta! Roba ce!" Wasu sun san ni, na yi musu fentin ƙofa. Wani ya ce, "To kwance mana sukurun mu gani." Na ce, "Babu sukuru. Ni na rufe shi. Yaron gaskiya ya faɗa, ni ne na rufe." Wani ya ce bakinsu ɗaya, a haɗa da shi. Na ce wa Sale, "Ba ni gatari." Aka yi ca, kada a ba shi, kada ya taɓa ta. Sale ya dube ni ya ce, "Ka rantse roba ce?" Na ce, "Na rantse da Wanda raina yake hannunSa." Ya ɗora ta a kan kututturen da yake sara ƙashi, ya ɗaga gatari. Na gaba-gaba suka ja da baya suna cewa za ta tashi. Ya yi bisimilla ya sauke.

Sara ɗaya ta rabe biyu. Yashi ya zubo a kan kututture, ya gangara ƙasa cikin jinin nama. Cikinta kore shar, irin koren bokitin wanka. Har tambarin wani ɗan zomo da kamfani ya buga a ciki yana nan yana dariya.

Wani ya sunkuya ya ɗebi yashin ya murza a yatsa. Wani daga baya ya ce, "Ashe ta yara ce." Daga nan mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna lokacin masallaci ya kusa. In ka tambaye su, ba wanda ya jefa dutse, ba wanda ya ɗaga sanda, kowa rabon faɗa ya zo yi. Muka jawo Istifanus daga ƙarƙashin tebur. Hannunsa na hagu ya karye, jini yana fita ta kunnensa na dama. Dattijon da ya ce a duba shi ya cire rawaninsa ya naɗe masa kai, ya kuma biyo mu har asibiti a adaidaita sahu, yana ta faɗin "sannu ɗana, sannu ɗana", bai san ko sunansa ba.

Jami'an tsaro sun zo, sun yi aikinsu. Na kwana biyu ina amsa tambaya, aka kwashe duk bindigogin rumfata aka kwance su ɗaya bayan ɗaya. Kowacce da sukurunta fari, kowacce ta zubar da yashi. Babbansu ya ce, "To me ya sa waccan ba ta da shi?" Na ce wani ne ya ce ban iya ba. Ya daɗe yana kallona, bai rubuta wannan ba. Ƙofar da na bari ina fesawa kuwa fentin ya yi hawaye tun daga sama har ƙasa, sai da na kankare ta gaba ɗaya.

Mahaifin yaron ya zo ya tafi da shi gida. Na je asibiti sau biyu kafin su tafi, duk yana barci, ko kuma ya rufe ido ne, ban sani ba. Na ɗauka shi ke nan.

Bayan wata uku, ina tankaɗe yashi, na ji sallama. Ya rame, hannun ya warke amma bai miƙe sosai ba. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi tari, ya tambayi gona. Sannan ya ce an ɗaga wasan ne, ba a fasa ba, kuma har yanzu shi ne ɗan fashin. Yana son doguwa. Na ce, "Kai, ba ka daddara ba?" Ya ce, "Baba, wata huɗu na yi ina haddace maganganun mutumin nan. In ban tuba a gaban mutane ba, zai zauna a cikina." Na sauko da wata na miƙa masa. Bai dubi fentin ba. Juya ta ya yi, ya sa babban yatsa a ƙarƙashin mariƙi, ya laluba har ya ji kan sukurun, ya bar yatsan a wurin.

Ina tsaye a gefensa na dama. Na ce, "Istifanus, waccan ni na rufe ta, kuma na manta ban gaya maka ba. Laifina ne. Ka yafe mini." Bai motsa ba, yana ta kallon bindigar. Na zaci ƙi ya yi. Can ya ɗago ya ga bakina, ya ce, "Baba magana kake? Zagayo ta nan, wannan kunnen ya tafi." Na zagaya benci, na tsaya a hagunsa, na sake faɗa daga farko, da ƙarfi, har mai faci na kusa da ni ya ɗago kai.

Ya ce, "Ya wuce, Baba. Sale ya gaya mini ka faɗa a gaban mutane." Sannan ya ce, "Ka san abin da ya fi damuna ina ƙarƙashin teburin nan? Na zaci ni ne na ɓata karatun. Ina ta cewa a raina, ko saman mariƙi ne ka ce, ko gefe, ni na mai da shi waƙa na rikita."

Na shiga ciki na ɗauko ƙaramin sukundireba na Malam Sabo, mai ƙotar katako, na ɗaure shi da igiya a jikin bindigar. Na ce ya biya karatu. Ya biya, ba waƙa. Na hau babur na raka shi har ƙofar makaranta, ƙofar mariƙin bindigar a buɗe, yashin a leda daban. Ya yi wasansa, ya dawo da ita ranar Litinin. Ya gama karatu ya koma garinsu, da kunne ɗaya.

Tun daga ranar, duk bindigar da ta fita daga rumfata da sukundireba take fita a ɗaure, kuma ba a cika ta da yashi sai an isa wurin wasa. Na rasa masu kawo aiki saboda haka, sun koma wurin waɗanda suka iya.

Samarin makon jiya sun dawo jiya da yamma. Na miƙa musu, suka yi ta ihu suna ɗaukar hoto, wai kamar a fim ɗin Turawa. Sai babbansu ya juya ta ya ce, "Baba, ka manta wani sukuru a nan, ɗan ɗiga masa baƙi mana." Na karɓe ta daga hannunsa na ajiye a bayana. Na ce su zauna a benci su uku. Na ce, "In an tare ka me za ka ce?"